Ranar da Aka Bar Odessa a Bakin Ƙofa

Shekara ashirin da biyu Odessa Pettway tana kai wa 'yan matan ƙungiyarmu ta ɗalibai mata a jami'a abinci duk Lahadi bayan coci. Ita ma 'yar ƙungiya ce, ta gama jami'a tun ba a haifi ko ɗaya daga cikinsu ba. Soyayyiyar kaza da ganye da burodin masara take lodawa a tsohuwar motarta, tun daga Selma har gidan ƙungiya a Montgomery, inda 'yan matan suke zama.

A watan Satumba shugabarmu, Corliss Whitfield, ta sa aka canza makullin gidan, sai da lamba a waya ake shiga. Ba wanda ya gaya wa Odessa. Ta ƙwanƙwasa, wata sabuwar ɗaliba ta leƙo ta taga ta ce mata masu kawo saƙon abinci a ƙofar baya suke ajiyewa. Odessa ta yi kusan awa guda tsaye a rana, sannan ta juya.

Ni ce sakatariyar kwamitin tsoffin ɗalibai. Da muka zauna ranar Laraba, sai ga Corliss da takardun tambayoyi: wai me ya sa tsoffin 'yan'uwa suke ɓacewa da zarar sun gama karatu?

"Tambaya kike yi?" na ce. "Ki tambayi ƙofarki!"

"Renita, kuskure ne. Yarinyar ba ta san ta ba."

"Laifin wa? Cikinta ya san kazar, idonta bai san mai dafawa ba? Ke kanki, Corliss, lokacin da kika faɗi jarrabawa kina kuka da majina, a kafaɗar wa kika share?"

"Ki rage murya, 'yar'uwa."

"Kada ki ce mini 'yar'uwa! Ba kwa tuna mu sai ranar biki, ku sa mu rigar ƙungiya, ku jera mu kamar kujeru a ɗauki hoto."

Ta ce za a aika wa Odessa kati da furanni. Na tura mata littafin kwamiti har ya ture kofin shayinta, na fita.

Washegari na je Selma. Na tarar da Odessa tana shara a baranda.

"Yaya Odessa, sun ce ki yi haƙuri."

"Sun ce? Su ba su da ƙafa?" Ta ci gaba da shararta. "Ba yarinyar ta ƙona mini rai ba, Renita. Mota uku na gani a harabar, na san masu su. Suna ciki suna jin ƙwanƙwasata."

Labari ya zaga. Da bikin shekara ya zo, tsoffin ɗalibai sittin aka gayyata, tara suka je. Corliss ta kira ni tana faɗa, wai ni na zuga su.

"Ƙwarai," na ce, "ɗaya bayan ɗaya na kira su."