Matsalar Ƙarfe Huɗu a Molokai

Benedicto Agbayani shi ne injiniyan da ke kula da turakun watsa shirye-shirye na gidan rediyon jama'a na tsibirai. Gidan ba ya talla, masu sauraro ne ke ɗauke da shi, saboda haka duk mai ba da gudummawa yana ganin yana da ikon buga wa Benedicto waya ya yi masa faɗa.

Babu wanda ya mori wannan iko kamar Anti Leimomi Tachibana ta tsibirin Molokai. Shekara goma sha tara tana bayarwa. Ƙorafinta ɗaya ne: kullum ƙarfe huɗu na yamma, da an fara shirin kiɗan goge, sai rediyonta ta yi tsit, ba ta dawowa sai biyar.

"Anti, na'urarmu fa ba ta nuna komai ba," in ji shi.

"Na'urarku ce ke sauraro ko ni?"

Da abin ya ishe shi, sai ya hau wani ƙaramin jirgin sama mai kujera tara daga Honolulu, ya hau dutsen da turken yake, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Lafiya lau. Uku da rabi ta yi masa a gidan Anti. Ta zaunar da shi a ɗakin girki kusa da rediyon, ta dire masa shinkafa da ɗanyen kifi mai albasa.

"Ci ka jira," ta ce.

Ta taga yana hango mijinta, Kawu Saburo, tsohon masunci, yana ɗinkin koma a gareji. Huɗu na bugawa, goge ya fara kuka. Kawu ya ajiye koma, ya buɗe akwatin wutar lantarkin gidan da ke jikin bango, ya danna wani maɓalli ƙasa, ya miƙe a kan benci ya rufe fuska da malafa. Rediyo ta yi tsit.

"Ka ji ko?" in ji Anti.

Benedicto ya daɗe yana tauna lomar da ke bakinsa. Ya yi aiki cikin guguwa, ya yi cikin tokar dutse mai aman wuta, amma bai taɓa shiga tsakanin mata da miji ba.

"Anti, ina jin matsalar ba daga wajenmu take ba."

"Na sani. Shekara biyu yana yi. Ce maka aka yi makauniya ce ni?"

"To me ya sa kika..."

"Ni ba ya jin maganata. Kai ma'aikaci ne, je ka gaya masa."

Benedicto ya je ya tsaya a kan Kawu ya yi gyaran murya. Kawu bai ɗaga malafa ba.

"Ɗana, ka taɓa jin kukan kyanwa da ƙofa ta datse wa jela? Awa guda cur, kullum."

A ƙarshe Benedicto ya ciro abin sawa a kunne daga jakarsa ya jona wa rediyon, ya mayar da maɓallin sama. Anti ta sa, ta lumshe ido, ta yi masa alama da hannu ya tafi.

Kawu ne ya kai shi filin jirgi. Sai da suka tsaya ya buɗe baki.

"In na fara ba da gudummawa ni ma, za ku iya kashe shirin gogen nan daga can dutsen?"

Benedicto ya ce zai kai maganar gaban kwamiti.