Zakara Bai Ce Ba

Kwas. Kwas. Kwas.

Sau uku ƙarar ta zo ta jikin bango, sannan ta ɗauke. Baba Mai Laima ya ajiye tsohuwar laimar da yake ɗinke wa baki, ya karkata kunne. Shekara talatin yana zaune a gidan hayar nan, babu ƙarar da bai sani ba. Ya san kukan ƙofar banɗaki, ya san tarin da famfo yake yi kafin ruwa ya zo, ya san ɓeran da ke gudu a silin kamar wanda aka aika sayen magani. Wannan kam baƙuwa ce.

Kwas. Kwas. Kwas.

"Tsaka ce," in ji shi, don shi mutum ne da ba ya barin ƙara ta wuce bai raɗa mata suna ba.

Amma jikarsa, wadda ake kira Allura saboda sirantarta da kaifin bakinta, ta riga ta miƙe daga kan tabarmar da take aikin gida. Ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta tsuke baki.

"Ke, lafiya?"

"Rula ce, Kaka. Malam Bonjur ne. In ya buga uku, kowa ya tashi ya yi shiru."

"A aji ke nan. Yanzu dare ya fara, shi kaɗai a ɗaki, wa zai sa shiru?"

Sai da maganar ta fita daga bakinsa ya ji nauyinta. Ko takalmi bai tsaya nema ba.

A ƙasa suka sami Malam a ɗakinsa da ke jikin nasu, tsakanin gado da tebur, littattafan yara a warwatse kewaye da shi, jan biro ya gangara can ƙarƙashin kujera. Rular tana hannunsa na hagu, yana bugun ƙafar gadon ƙarfe da ita. Bakinsa ya karkace ya koma gefe guda. Allura na ganin haka ta kwasa da gudu tana kiran Gwaggo Tela, mai ɗinkin da ɗakinta ke bakin ƙofar gida. Ita ce ta fito da tef ɗin awo a wuya ta tsayar da mota.

Malam Bonjur ba sunansa ba ne, yara ne suka laƙaba masa har ya bi shi. Shi kaɗai ke koyar da Faransanci a firamaren da ke bayan layin. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tilo tana aikin jinya a wata ƙasa mai nisa. Bai taɓa dukan yaro ba, rularsa ta tebur ce. Kullum ya shiga aji sai a tashi a gaishe shi, a faɗi ko yau wace rana ce, sannan a leƙa taga a faɗi yadda gari ya tashi. Sauran darasin duk wasa ne da tsalle-tsalle, irin waɗanda Baba bai taɓa gane kansu ba.

Aikin gidan da yake bayarwa ma abin kallo ne. Ya taɓa cewa kowane yaro ya rubuta sunayen kayan gidansu da Faransanci ya manna. Allura ta manna wa ƙofa, ta manna wa tukunya, ta manna wa bokiti, ta kuma manna wa kakanta a baya bai sani ba. Haka ya wuni a bakin kasuwa yana gyaran laima da takarda a gadon bayansa. Da ya gano bai yi faɗa ba. Cire ta ya yi a hankali ya adana a gwangwanin da yake tara abubuwan mamaki, tare da wani makulli marar kuba da haƙorin da bai san na wace dabba ba ne. Shi karatunsa a aji uku ya tsaya, amma yana son kalma baƙuwa kamar yadda wasu ke son tsuntsu. Malam ya taɓa gaya masa sunan laima da Faransanci, ya yi wata guda yana cewa "faraful" shi kaɗai yana dariya.

Kwana huɗu Malam ya yi a asibiti. A can abin ya sake bugunsa, hannun hagun ma ya kwanta, sai yatsu kawai ke motsi. Likita ya ja Baba gefe ya ce jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma Hausar ta tafi. Ko an yi masa, kallon mutum kawai yake kamar rediyo ke magana a wani gida. Faransancin ne ya rage.

"Ana samun haka," in ji likitan. "Ku kai shi gida, Baba. Ku yi masa duk abin da yake so."

A mota Baba ya yi ta tunanin abin. Ashe harsuna a kan mutum ɗaki-ɗaki suke, wani ya rushe wani ya tsaya. Amma maganar likita ta ƙarshe ita ta tsaya masa a rai. Abin da yake so. To, wa zai ji?

An buga wa 'yar waya, ta ce ta taso, amma sai jibi za ta iso. Tun da aka kwantar da Malam a gadonsa kuwa, magana ɗaya yake ta maimaitawa, 'yar gajera, yana kallon duk wanda ke kusa, yatsunsa na buɗewa suna rufewa a kan zanin gado.

"Ruwa yake so," in ji Gwaggo Tela. Ta sa masa kofi a hannu, ta tallafa. Ya kau da ido.

"Rularsa ce," in ji Baba. Ya sa masa. Yatsun suka sake ta, ta faɗi.

Suka gwada jan biro. Suka gwada tabarau, suka gwada hoton 'yarsa, har da makullin ɗaki. Kowanne sai ya sake shi, ya sake faɗin maganar, muryar tana ƙara yin ƙasa. Gwaggo ta ɗauko wayarta, wai akwai abin da ke fassara a ciki. Ta kara masa a baki. Wayar ta yi ta juyi, can ta rubuto wani abu a kan farashin taya.

"Kin ga irinta," in ji Baba.

"To kai da kake ta faraful, faraful a tsakar gida, yau ga ranarka. Fassara mana."

Baba ya sunkuya ya ɗauke rular daga ƙasa. Shekara goma sha biyu bango ɗaya ya raba su da mutumin nan, ga shi yana roƙon abu a gabansa, shi kuma ya zama kamar turmi.

Da safe ya tare Allura tana ɗaura igiyar takalmi. Ya riƙe maganar a kunnensa tun jiya, ya juye mata yadda ya ji.

"Kaka, wannan ai kukan agwagwa ne, ba Faransanci ba."

"To shiga ki ji da kunnenki."

Ta noƙe kafaɗa, idonta ya ciko. "Bakinsa, Kaka. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Ita kaɗai. Nan dabara ta faɗo masa. Da aka kusa tashi daga makaranta ya rufe akwatin aikinsa, ya je ya sami shugaban makarantar ya yi masa bayani. Aka ba shi yara bakwai 'yan ajin Allura, har da ita kanta, waɗanda aka ce sun fi kowa ji. Ya taso su a gaba kamar mai kiwon agwagi, yana ta jaddada musu a hanya.

"Ku buɗe kunne da kyau. Duk abin da ya ce, ku riƙe."

A bakin ƙofa suka yi cirko-cirko. Ɗakin yana warin magani, labule a sake, Malam ya ƙanƙance a cikin gado. Babu wanda ya ce su yi, sai ga su sun jera layi daga gajere zuwa dogo, sun harɗe hannuwa. Suka haɗa baki:

"Bonjour, Monsieur!"

Idon Malam ya buɗe. Baba ya rantse daga baya cewa ya ga fuskar ta miƙe, ko da ta ɗan lokaci ce. Malam ya yi wata tambaya, a hankali, kalma na jan kalma. Yaran suka amsa gaba ɗaya. Ya sake wata, duk suka juya suka leƙa taga, sannan suka amsa.

"Ranar yau ya tambaya, da yadda gari ya tashi," Baba ya raɗa wa Gwaggo, yana jin daɗin ya gane wani abu.

Sannan Malam ya dube su ɗaya bayan ɗaya, yatsunsa suka buɗe, ya faɗi maganar nan.

Ɗakin ya yi tsit. Yaran suka ƙame kamar an dasa su.

Ya sake faɗa. Ko ƙifta ido ba su yi ba. Wata 'yar kumatu a ƙarshen layi ta cije leɓe, kafaɗunta na rawa, dariya ce take dannewa.

"Me ya ce?" in ji Baba. "Allura, me ya ce?"

Allura ta ɗora yatsa a baki ba ta ko dube shi ba.

"Kai, ku yi magana mana!" in ji Gwaggo Tela. "An ɗinke muku baki ne?"

Shiru. Malam ya faɗa a karo na uku, da ƙyar aka ji. Gefen bakinsa ya ɗan motsa, ko murmushi ne ko karkacewar ce, ba mai iya cewa. Ya lumshe ido.

"Ya gaji," in ji Gwaggo. "Ku fita, ku fita, kun cika ɗaki da zafi a banza."

Suna fita tsakar gida suka ɓarke da tsalle.

"Bai kama kowa ba!"

"Sau uku fa! Sau uku!"

"Na ga hannunki ya motsa."

"Ƙarya kike, ƙuda na kora!"

Baba ya kamo Allura ta kafaɗa. "Ku tsaya. Wa zai kama? Me ya ce muku?"

"Wasan zakara ne, Kaka," ta ce tana haki. "In Malam ya fara da 'le coq a dit', wato zakara ya ce, to sai mu yi abin. Zakara ya ce ku taɓa hanci, mu taɓa. In kuwa bai ambaci zakara ba, duk wanda ya motsa ya fita. Ko magana ka yi ka fita. Kullum sai ya kama mu, yau ne kawai bai samu ko ɗaya ba."

"Na ji. Amma me ya ce?"

"Cewa ya yi, ku ba ni hannu."

"Hannu?"

"Hannu kawai. Da ita yake yawan kama mu, don sai ya miƙo nasa. Amma ai zakara bai ce ba."

Baba ya sake ta. Bai san yana da sauran gudu a ƙafarsa ba sai ran nan. Ya ture labule, ya durƙusa a bakin gado, ya kama hannun nan da ya kwana yana cusa wa kofi da rula da makulli. Hannun da ɗumi, fatar laushi kamar tsohuwar takarda, da sauran jan tawada a gefen babban yatsa.

"Ga shi, Malam. Ga shi nan. Maƙwabcinka ne."

Yatsun ba su rufe ba. Numfashi yana fita, yana daɗewa kafin ya dawo. Baba ya haɗa hannun a cikin nasa biyu yana murzawa, yana jiran ko ɗan matsi kaɗan. Ya ji yaran sun fice suna gardamar wanda ya fi ƙamewa. Ya ji keken ɗinkin Gwaggo ya tashi, ya tsaya, ya sake tashi. Hasken da ke shigowa ta gefen labule ya bar gado ya hau bango. Ƙafafunsa suka mutu bai gyara zama ba, don yana tsoron in ya saki daidai lokacin ne Malam zai nema.

Rana ta yi sanyi lokacin da numfashin ya fita bai dawo ba. Baba ya ƙara jira, sannan ya miƙar da hannun a gefen jiki, ya ja zani.

Kafin a jima tsakar gida ta cika da maƙwabta. Aka shimfiɗa tabarmi, aka tura wani ya sanar da makaranta, aka yi ta shawarar wanda zai buga wa 'yar da ke hanya. Baba ya zauna a kan akwatin aikinsa ya jingina da bangon da ya raba ɗakinsa da na Malam. Allura ta zo ta raɓa a jikinsa, har yanzu da kayan makaranta, ta yi kuka ta gaji.

"Kaka," ta ce a hankali, "ya ji daɗi ko, da ba mu faɗi ba?"

Ya dafa kanta.

Gwaggo Tela tana tsaye a gefensu da buta a hannu. Ta riga ta ji labarin zakara daga bakin yaran, tun ɗazu take juya shi. Ita a kunnenta Faransanci duk abu ɗaya ne, kamar kurkurar baki, ba ta bambanta ta jiya da ta yau. Ta dubi ƙofar da aka rufe, ta dubi Baba.

"Ni fa abin bai bar ni ba," ta ce. "Shin wasan yake yi da su, ko da gaske hannun yake so?"

Allura ta ɗago kai tana kallon bakin kakanta. Baba ya sunkuya, ya zura ido a tafin hannunsa, inda jan tawadar ya ɗan shafa.