Tsohuwa Tana Son Gangara

A gabana aka ƙulla cinikin, a filin da nake sayar da motoci, kan bencin da ke ƙarƙashin rumfa. Kafinta a dama, Auta ƙanin matarsa a hagu, ni a tsakiya kamar alƙalin da ba shi da albashi.

"Kwana bakwai," in ji Auta. "Ka riƙe motata, in riƙe taka. Kowa ya yi harkarsa da ta ɗan'uwansa, ba haya, ba aro. Wanda ya fara gajiya ya kawo makulli hannun Baba Dillali, ya faɗi ke nan."

"In na faɗi fa?" in ji Kafinta.

"Tsohuwa ta zama tawa, mijin Yaya. In yi mata fenti, in girke ta a ƙofar shagona, in cika bayanta da tukwanen fure, masu shan kofi su riƙa ɗaukar hoto."

"Fure! Motar da ta ɗauki katakon rufin gidanku kana tsumman goyo? To in kai ka faɗi?"

"Ba zan ƙara kiranta gwangwani ba. Kuma duk ƙarshen mako ni zan kai Yaya unguwa a tawa."

"Sauran sharaɗi ɗaya," in ji Auta da ya ga Kafinta ya miƙo hannu. "Ka ƙwarzane mini fenti ko da faɗin farce ne, ka faɗi."

Suka tafa, na raba. Da Kafinta zai ba da makulli sai ya ce, "Ka ji nasiha kyauta, Auta. Tsohuwa tana son gangara."

Auta ya yi dariya ya ce ai duk tsoho yana son gangara, hawa ne ba ya so.

Bari in gaya muku su waye ake wa wannan rigima, don shekara arba'in ina cin abinci a kan irin wannan a-kori-kura. Gidansu ɗaya, suna ɗaya ke rubuce a goshinsu, amma in ka jera su sai ka rantse ba su haɗa jini ba. Ta farko, wadda Kafinta ke kira Tsohuwa, ita ce kaka. Kai ƙarami, baya dogo. Kujera ɗaya ce shimfiɗe kamar bencin asibiti, giya a wuyan sitiyari, gilashi sai ka murɗa da hannu. In ka juya sitiyarinta sau uku ka biya kuɗin karin kumallonka. Sai 'yarta ta zo, aka ƙara mata ɗan wuri a bayan direba, aka sassauta sitiyari, aka sa na'urar sanyi, amma ba a taɓa tsawon bayan sosai ba. Irinta ɗaya na da ita a filina, wata uku tana shan rana ba wanda ya taya. Ta Auta kuwa jika ce: ƙofa huɗu, kujerun fata, allo a gaba kamar talabijin, ba kuloci, makullinta ma ba a soka shi ko'ina, a aljihu yake kwana. Sai dai duk abin da aka ƙara wa kai, daga baya aka yanko shi. Haka mutum yake, in ya yi arziki falo ya faɗaɗa, rumbu ya tsuke.

Kwana ukun farko Kafinta ya sha wahala, amma irin wahalar da ake ba da labarinta ana dariya. Ƙafarsa ta hagu ta saba da kuloci shekara talatin, sai ta riƙa nemansa tana taka birki, shi da Yaya su yi sujada ga allo. In ya matsa kusa da bango motar ta yi ƙara. In bai ɗaura bel ba ta yi ƙara. In ya bar ƙofa a buɗe ta yi ƙara.

"Wannan ba mota ba ce, suruka ce," ya ce da ni da na leƙa shagonsa. "Komai na yi sai ta tanka."

Yaya na zaune a kujerar baya, ƙofa a rufe, sanyi na busa ta, tana tsinke ganyen miya a faranti. Ta sauke gilashi da yatsa ɗaya.

"Baba Dillali, rabu da shi. Shekara talatin ina zama a Tsohuwa, gwiwar hannunsa na sukar haƙarƙarina duk sa giya. Jiya har waƙa na ji yana yi a kan hanya."

"Tsaki nake yi."

"Tsaki mai amshi?"

Na tambayi gwiwarsa da ta daɗe tana damunsa. Ya ce gwiwa lafiya lau, sauyin yanayi ne.

To akwai wani abu da duk unguwa ta sani game da Kafinta, shi kaɗai ya manta. Ba ya awo da tef in aiki babba ne. Tsohuwa ce ma'auninsa. In ka ce ya yi maka gado, zai ce rabin Tsohuwa da taki ɗaya. In kanta ce, Tsohuwa ɗaya. Yakan jingina katako a bayanta ya ja layi da fensirin da ke kunnensa, shi ya sa tunda yake bai taɓa yin kayan da suka ƙi shiga motarsa ba. Kafin wannan ciniki kuwa, wata mai gidan abinci ta ba shi aikin dogon teburi, na mutum goma sha biyu, za ta buɗe sabon ɗakin cin abinci a saman bene ranar Alhamis. Ya yanka shi Tsohuwa ɗaya har da marfin baya a sauke. Alhamis ɗin ita ce kwana na shida.

Da safe ya kira maƙwabcinsa mai walda da mai faci suka ɗaga teburin. Suka ɗora. Kusan rabinsa na lilo a iska kamar harshen kare. Suka juya shi ƙafafu sama, ya ƙi zama tsakanin tudun tayoyi. Suka ce a jingina shi kan rufi, Kafinta ya tuna da fenti ya daka musu tsawa. Motar kuma tana ta ƙara saboda marfin baya a buɗe.

"Ka yi hayar babbar mota mana," in ji mai walda.

"An hana."

"To ka kira Auta ya ara maka taka."

"In na nemi Tsohuwa na rasa Tsohuwa."

Mai gidan abinci ta bugo waya ta ce in la'asar ta yi ba teburi, za ta aika a sayo na roba, kuma kujeru ashirin ɗin da ta yi niyyar ba shi, wani zai yi. Kafinta ya tsaya yana kallon teburin. Katako ne mai kyau, falle ɗaya, ya goge shi har kana ganin fuskarka.

Yaya ta ce, "Kai da zarto a hannu, teburi zai gagare ka? Raba shi biyu."

"Ki raba ɗanki biyu don ƙofa ta yi kaɗan?"

Ya sa makulli a aljihu ya shiga Jika ya nufo filina. Ya gaya mini daga baya cewa ya yanke shawara a hanya: zai ajiye makulli, ya roƙi Auta aron Tsohuwa na awa ɗaya, ya kai teburin, sannan ya sallama ta ga fure. Sunansa a wurin masu ba shi aiki ya fi ƙarfe, in ji shi, ko da ƙarfen ya girmi 'ya'yansa.

Ya iso wajen hantsi, ya zauna a benci, hannu cikin aljihu. Ya buɗe baki ke nan sai ga Auta ya shigo. A ƙafa.

"A'a, mijin Yaya! Me ya kawo ka?"

"Gaisuwa. Kai fa?"

"Ni ma gaisuwa. Baba Dillali ai uba ne."

Tunda nake, mutanen nan biyu ba su taɓa zuwa gaishe ni hannu rabbana ba sai ran nan. Na sa aka kawo shayi. Kowa ya karɓa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana aljihu.

"Ya Jika?" in ji Auta.

"Kamar a gado nake tuƙi. Jiya har na yi tunanin in bar mata sitiyarin in yi gyangyaɗi. Ya Tsohuwa?"

"Ƙalau. Ashe ƙarfen da daban ne. Da tsohuwar zuma ake magani, ka yi gaskiya."

"A'a, kai ka yi gaskiya. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

Na ga abin da ban taɓa gani ba, kowa na yabon motar abokin hamayyarsa kamar zai aurar da ita. Kafinta ya kurɓi shayi, idonsa ya sauka kan takalmin Auta, farin takalmi da ya koma ruwan ƙasa. Ya hau zuwa hannun riga, ya ga baƙin mai. Ya hau kafaɗa, ya ga shatin tsatsa daidai inda mutum ke jingina in yana tura mota.

"Ina ka bar ta?"

"Tana hutawa a ƙofar shago. Likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa."

"Ƙofar shagonka ta cikin kwari? Wadda ke fuskantar katanga?"

"Akwai inuwa a wurin."

Kafinta ya zaro hannunsa daga aljihu, ba komai a ciki. Ya shanye shayin, ya miƙe, ya ce gaisuwa ta yi, aiki na jiransa. Ya ja Jika ya fita ko birki bai taka da ƙafar hagu ba.

Ƙurarsa ba ta kwanta ba Auta ya ajiye mini makulli a cinya, tsohon makulli da ya side kamar cokalin gado.

"Baba, na faɗi. Kwana huɗu ke nan ta ƙi tashi. Ran farko ma'aikatana suka tura, rana ta biyu maƙwabta, jiya masu shan kofi na roƙa, yau ba wanda ya zo shan kofin. Ta tare mini ƙofa. Wai me take so ne?"

"Ai ya gaya maka. Gangara."

"Na ɗauka karin magana ce!"

"Batirinta ba ya tashe ta da safe tun kafin ka yi gemu. A kan gangara yake kwantar da ita, hanci ƙasa. Da safe ya saki birki, ta gangara, ya sa giya ta biyu, ta yi tari ta kama. Kai ka kai ta rami ka haɗa ta da bango."

Na ɗauki waya na kira Kafinta in yi masa albishir. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, Yaya ta ɗauka, ina jin kukan zarto a bayanta.

"Ki ce ya tsaya! Auta ya ajiye makulli!"

"Baba Dillali, ka makara. Ya wuce rabi."

Ya raba teburin biyu cif, ya ƙara ƙafafu a tsakiya, ya sa ƙugiyoyin ƙarfe a ƙasa yadda in an haɗa sai ka duba da kyau za ka ga layin. Mai walda ya ce duk aikin nan huci kawai Kafinta yake yi. Da aka gaya masa ya ci, cewa ya yi tunda ya yanka don Jika, Jika ce za ta kai. Suka shimfiɗa bargo, suka ɗora rabi kan rabi, duka biyun suka shiga kamar don ita aka yi su.

Na bi su don in ga ƙarshe. Gidan abincin kuwa matakalarsa siririya ce, ga kwana a tsakiya kamar gwiwar hannu. Rabin teburin ma da ƙyar ya juya, sai da mai faci ya bar fatar yatsa a bango. Mai gidan abinci ta tsaya a sama ta riƙe baki.

"Malam Kafinta, ashe ka lura da matakalar nan! Ni sai jiya na tuna, na kasa barci. Shi ya sa nake son aiki da manya."

Kafinta ya gyara fensirin kunnensa. "Hajiya, ai aikinmu ne lura."

Yaya ta yi tari har sau biyu. Bai waiwaya ba.

Da yamma muka je kwaso Tsohuwa. Mutum shida muka juya ta muka turo ta bakin titi inda ƙasa ta ɗan sunkuya. Kafinta ya shiga, ya shafa sitiyari, ya saki birki. Ta yi tari biyu ta kama, hayaƙi ya rufe teburan Auta. Da ya taka kuloci zai sa giya ta uku, na ga ya cije leɓe.

Bayan sati biyu ya zo filina, wannan karon da gaske shi kaɗai. Ya zagaya 'yar Tsohuwa da ke shan rana, ya leƙa ciki, ya murɗa sitiyari da yatsa biyu. Sannan ya zaro igiya daga aljihu, mai ƙulli a ƙarshe, ya auna bayanta. Taki ɗaya ya rage ta kai uwarta.

"Ba don ni ba," ya ce. "Yaya ce ta ƙi shiga Tsohuwa. Wai jikinta ya san sanyi."

"Na sani. Gwiwa fa?"

"Sauyin yanayi ne."

Ya saya. Tsohuwa na nan a kan gangarar ƙofar shagonsa, hanci ƙasa, yana auna katako da ita, ran Lahadi ya zaga da ita unguwa don kada ta yi fushi. Ba fure ko ɗaya a bayanta.

In ana lissafin wa ya ci wa ya faɗi, Auta ya faɗi, ya rasa Tsohuwa da farin takalmi, ga shi direban yayarsa duk ƙarshen mako. Kafinta ya ci motarsa da kujeru ashirin, ya rasa bakin cewa sabbin motoci na ragwaye ne. Yaya ba ta tafa da kowa ba, ta tashi da motoci biyu masu sanyi. Ni kuwa shayi kofi biyu na zuba, na sayar da motar da ta yi wata uku ba a taya ba.