Ruwan Bayan Asta

Ruwan kogin Komadugu ya kai wa Kellu ƙirji lokacin da 'yarta Asta ta sake yin ƙara. Ta gyara yarinyar a kafaɗa, zafin jikinta yana ƙona mata wuya. Tun jiya wuyan Asta ya sandare, kanta ya karkata baya, ko haske ba ta son gani. Sanƙarau ne. Bana babu wanda bai san shi ba a Diffa.

"Ki bi sawuna, nan babu rami," in ji Mala, wan mijinta, yana gaba da ƙunshin kayansu a ka.

Mijinta Abbakar yana can tafki wajen kamun kifi, babu mai kai masa labari. Mala ne ya yanke shawara da safe cewa a ƙetare zuwa ƙasar Ingilishi kafin likitocin Faransi su fara bi gida-gida.

Tun ranar da motarsu ta iso suka kafa rumfa a bakin kasuwa magana ta zagaye gari. An ce suna soka allura a gadon bayan yaro su zuƙe ruwansa, su aika da shi ƙasar Nasara, inda ake haɗa maganin da ke hana tsofaffinsu mutuwa. Wasu ma sun ce su suka kawo ciwon don su sami ruwan.

Kellu ta so ta ƙi yarda, amma Mala ba mai shirme ba ne. Da ƙafarsa ya kai ɗansa rumfar, ya ga allurar da idonsa, washegari ya binne yaron. Da ta ce masa wataƙila ajali ne, sai ya ɗaga riga ya nuna mata tabon bulala a bayansa.

"Lokacin da aka ce kumandan Faransi zai kwashe samari aikin hanya, ba ƙarya aka ce ba ne? To wannan daga ina na samo shi?"

Shi ya sa ta goya 'yarta ta biyo shi.

Da suka hau tudu a ɗaya gaɓar, suka tarar da mutane a gindin goruba, da yara da tabarmi, suna naɗe tufafi za su shiga ruwa. Wata tsohuwa ta dubi Asta ta dafe ƙirji.

"Baiwar Allah, ina za ki da yarinya a haka?"

"Gudu muka yi, Iya. Faransi na ɗibar ruwan yara."

Tsohuwar ta sauke ƙwaryarta a hankali. "Mu ma abin da ya koro mu ke nan. Na Ingilishi sun sauka garinmu. An ce mana wajenku babu."

"Kin ji ko?" in ji Mala. "Bakinsu ɗaya. Mu nausa daji, akwai wani malami a gaba."

Kellu ba ta motsa ba. "Iya, an mutu a garinku?"

"Jikokina biyu."

"Su suka soke su?"

"Wa? Ko inuwarsu ba mu bari ta taɓa su ba. A rumbu muka ɓoye su."

Nan take jikin Asta ya ɗauki rawa, haƙoranta suka datse, idanunta suka juye. Kellu ta durƙusa a rairayi tana kiran sunanta, tana tofa mata duk addu'ar da ta zo bakinta. Da abin ya lafa, ta miƙe ta fuskanci kogi.

"Yaya Mala, wanda aka kai ya mutu, wanda aka ɓoye ma ya mutu. A rumfar an ce wasu sun tashi."

"Wa kika gani ya tashi?"

"Ban ga kowa ba."

"In ta mutu a hannunsu, me za ki ce wa Abbakar?"

"In ta mutu a daji fa, me zan ce masa?"

Ya tsaya da kaya a ka. Bai hana ta ba, bai kuma biyo ta ba.

Rana ta take lokacin da ta isa rumfar, zanenta na ɗigar ruwa. Babu Nasara ko ɗaya a ciki. Wani dogon Badamagare ne mai farar riga, wai shi Mahaman, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Ya taɓa wuyan Asta, ya ce ta kwantar da ita ta gefe ta lanƙwasa mata gwiwoyi.

Da ya ɗauko allurar, Kellu ta kama hannunsa. "Ina kuke kai ruwan?"

"Ba ma kai shi ko'ina. Duba shi muke mu tabbatar da ciwon, sannan mu yi mata allurar magani."

"Za ta tashi?"

"Ban sani ba. Wanda aka kawo da wuri ya fi tashi. Mutane ba sa kawowa sai ya zo gargara, sannan a ce mu muka kashe shi."

Ta sake shi. Ta riƙe 'yarta tana kallon ruwan yana ɗiga cikin 'yar kwalba, ya yi kauri kamar tsaki. Mahaman ya ɗaga shi ga haske, ya girgiza kai.

"Zubar da shi ina gani," in ji ta.

Ya dube ta, sannan ya juye shi cikin kwanon ruwan magani.

Har la'asar Asta na numfashi. Ta ma haɗiye ɗan ruwan da aka ɗiga mata. Kellu ta fito ta wanke fuska, sai ta ga mata sun taru nesa da rumfar, a cikinsu har da Delu maƙwabciyarta, goye da jariri wanda kansa ya fara karkata baya.

"Kellu, don Allah faɗa mana gaskiya," in ji Delu. "Suna ɗiba?"

"Suna ɗiba, amma…"

Matan suka watse da salati. Delu ta juya ta nufi hanyar kogi da sauri, kan jaririn na lilo a bayanta.

"Delu! Tsaya ki ji sauran!"

Ba ta waiwayo ba. Kellu ta yi taku kaɗan za ta bi ta, sai ta ji nishin Asta daga cikin rumfa. Ta tsaya tana duban hanya har Delu ta ɓace bayan shingen barkono, sannan ta koma ciki.