Bijimin Rahina

Duk wanda ya ce mu abokoki, wato lauyoyi, muna kwasar kuɗi a shari'ar aure, ya zo ya ga birona, wato ofishina, a Damagaram. Kujera biyu ce, ɗaya ma ƙafarta uku.

Amma je ka garinmu Yekuwa ka ji abin da ake faɗa a kaina. Wai Metir Sadiƙu ɗan Malam Zakariya miliyan yake ci a kowane saki. Su kuwa sun san sarai da me aka yi karatun nan: gonar Baba aka jinginar, jaka ɗari uku. Shekara shida wani yana noma ta, tsoho yana kallo. Bana na yi masa alkawari zan fanso ta kafin ruwan shuka.

Sai ga Rahina daga Guci. Mijinta Bunu ya yi mata saki ɗaya ta waya, ya kuma riƙe shanunta uku da ta gada wurin ubanta.

"Ba ni da ko dala, Metir," ta ce. "Amma in ka fito mini da shanuna, bijimin naka ne."

Na je na ga bijimin da idona a bakin rijiya. Fari, ƙosasshe, zai yi kuɗin gonar har da saura. Wallahi da shi nake mafarki.

Sau biyar ina zuwa kotun Magariya. Kuɗin mota nawa, tambur, wato kan sarkin takardu, nawa, har amalanken da ya ɗauko shaidu ni na biya. Bunu yau ciwon ciki, gobe rasuwa, jibi ya tafi cin kasuwa. Na haɗiye, na ce mai haƙuri yakan dafa dutse.

Ranar hukunci alƙali ya ce shanu na Rahina ne, a mayar mata cikin kwana bakwai. Na fito ina ji kamar an sauke mini dami.

Ashe Bunu ma ya yi nasa lissafin. Da bijimin nan yake huɗa, damina kuma ta ƙarato, iddar Rahina saura kwana tara. Ko gida bai je ba, nan gindin bishiyar kotu ya kira dattawa biyu ya ce su shaida ya mai da matarsa. Shi ke nan. Haƙƙinsa ne, ni da na karanta na fi kowa sani. Kawunnanta suka kewaye ta da zancen 'ya'ya, kafin la'asar ta hau amalanken da na biya.

Bayan sati na bi ta Guci, raina a ɓace.

"Metir, ka yi haƙuri," ta ce, kanta a ƙasa. "Cewa na yi in shanun sun fito. To ga su can inda suke. In na ba da bijimin, da me za a noma abin da yarana za su ci?"

Me zan ce? In kai ƙarar wadda na tsaya wa? Ta auna mini wake tiya huɗu a buhu, ta bi ni da addu'a.

Na iso Yekuwa da yamma, an yi ruwa da safe, kowa yana gona. Baba kaɗai ke zaune ƙofar gida, sungumin shukarsa jingine da bango. Bai tambaye ni komai ba. Ya kwance buhun, ya ɗebi waken a tafinsa, ya daɗe yana dubawa.

"Iri ne mai kyau, Sadiƙu," ya ce. "Ajiye shi. Wataƙila baɗi."