Foldar da Ta Ƙi Goguwa

Karo na huɗu ke nan Auta yana danna maɓallin harhaɗa manhajar asibiti, karo na huɗu jan rubutu yana cika masa allo. Kafin a harhaɗa sabuwa, dole kwamfuta ta share foldar tarkacen jiya. Foldar ta ƙi goguwa. Ƙarfe sha biyu mutanen asibitin za su zo ganin aiki.

Dogo, yayansa, yana teburin baya yana kurɓar shayi. Shi ya koya wa Auta riƙe linzamin kwamfuta. Shekara tara aikin nan yana hannunsa, sai watan jiya Manaja ya ɗauka ya ba ƙanen. Tun ranar shayi bai yi masa daɗi ba sai yau.

"Ai na faɗa," ya ce da ƙarfi don Manaja ya ji. "Tsohuwar sigar laburaren nan da ake gina manhajar a kansa me ta tsare maka? Ka jajibo sabuwa, ba ta jituwa da kayanmu. Kai komai sai sabo!"

Manaja ya dubi agogo. "Auta, minti ashirin. In ta ƙi, a koma tsohuwar, Dogo ya karɓi aikinsa."

Dogo ya gyara zama.

Auta bai bi ta kan laburaren ba. Ya bincika wa ke riƙe da foldar, don ba a goge abin da wani ya buɗe. Sunan kwamfuta ɗaya ya fito. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya taso, ya sunkuya daidai kunnen yayansa.

"Yaya, don Allah rufe fayil ɗin da ke ƙasan allonka."

Dogo ya dubi ƙasan allonsa. Tun safe ya shiga foldar a ɓoye yana tonon kuskuren ƙanensa. Bai samu ko ɗaya ba, ya kuma manta bai fita ba. Ya rufe.

Auta ya koma ya danna. Rubutu ya zama kore.

"Me ya faru?" in ji Manaja.

"Yaya ne ya warware mana. Wani fayil aka bari a buɗe."

Manaja ya dafa kafaɗar Dogo. "Tsohon hannu! To, ka riƙa taimaka masa haka."

Dogo ya yi yaƙe. Ya zuba wa ƙeyar Auta ido. Da tona shi ya yi, da ya samu abin riƙewa a zuci. Yanzu har a kirki ma ya sha gabansa.

Ya ɗauki shayin. Ya tarar har ya huce.