Ajin 'Yar Ƙanwarsa

Shekara ashirin da shida Mai-Tsani ya yi yana hawa falwaya, ko sau ɗaya wuta ba ta taɓa jan sa ba. Don haka da kamfani ya tura shi kwas ɗin sati guda kan kiyaye haɗari, sai ya ɗauki abin hutu ne kawai. Yana shiga aji ya tarar malamar 'yar ƙanwarsa ce, wadda yanzu kowa ke kira Injiniya.

"Kawu, ina kwana?" ta ce, har da rusunawa. "Amma hular kwanon nan a ɗaure igiyarta."

Ajin ya kwashe da dariya. Ya ɗaure, yana ƙunƙuni.

Ranar Laraba aka fita filin gwaji, bayan tashar rarraba wuta, inda aka kafa gajerun turaku uku da waya mai ɗauke da wutar da ba ta fi ta batir ba. Mai-Tsani ya kashe layin, ya datse makunnin da kwaɗo, ya rataya katin gargaɗi, duk cikin ƙiftawar ido. Ya hau tsani ya kai hannu. Sai ƙararrawa ta ɗauki kuka.

"Sauko, Kawu. Da a bakin aiki ne, yau da Mama ta yi rashin yaya."

"Ke, ni da hannuna na kashe!"

"Ka kashe ta gabanka. A ce wani mai shago a can ƙarshen layi ya tayar da janareta, wutarsa ta biyo waya ta dawo. Ina sandar gwajinka?"

Sandar tana jingine a gindin turke. Ya daɗe yana kallon ta. Sau nawa ya bar ta haka a mota don yana sauri? Ya kasa ƙirgawa.

"A sake," ya ce.

Wannan karon ya gwada waya ɗaya-ɗaya, ya haɗa su da ƙasa, sannan ya taɓa. Ƙararrawa ba ta yi kuka ba. Injiniya ta duƙar da kai tana rubutu, tana ɓoye murmushi.

Ran Juma'a da yamma ya biya gidan ƙanwarsa da takardar shaida a aljihu. Ya same ta tana shanya.

"Yaya, na ji an kayar da kai a aji."

"Sau ɗaya ne. Yarinyar nan taki, ba sani ba sabo a wajenta." Ya ja kujera ya miƙe ƙafa. "A kawo min ruwa, in ba ki labarin tun daga farko."